Ku Rubuta Mana Soyayyar Sallah, Mu Teloli Ma Muna Karatu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridar nan in amayar da abin da ya kwana biyu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni mai ɗinki ce a Fagge, shekara ashirin da biyu ke nan ina taka keke, kuma ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba sai yau. In ka ga maganar ta yi tsawo ka yi haƙuri, wadda ta yi wata guda bakinta cike da allura in ta samu sarari sai an tare ta.

Abin da ya tunzura ni ƙaramin abu ne. Ran sha bakwai ga azumi, bayan sallar asham, wata mai kaya ta shigo shago. Ta tarar an ɗauke wuta, mun zagaye fitilar caji, kowa da ƙyalle a hannu, ƙaramar cikin yarana kuma tana karanta mana labari a waya. Matar nan ta riƙe haɓa ta ce, "Au, Hajiya, ashe har kuna da lokacin littafin soyayya? Shi ya sa teloli ba ku cika alkawari." Kayanta kuwa tun la'asar suna cikin leda, a goge, a ninke. Na miƙa mata, ta duba, ta rasa ta cewa, ta biya ta tafi. Amma maganar ta zauna mini. Ba ita kaɗai ba ce mai wannan tunani. Mutane da yawa sun ɗauka karatun labari aikin wanda ba shi da aikin yi ne, kuma wai in hidima ta zo, littafi ne farkon abin da ya kamata a jefar.

Bari in gwada maka yadda watan yake a wurinmu, don wanda bai taɓa zama shagon tela a azumi ba ba zai gane ba. Tun tsakiyar Sha'aban atamfa da leshi da shadda suke fara sauka daga Kantin Kwari. Kowace shekara nakan ce daga goma ga azumi na rufe karɓar ɗinki, kowace shekara kuma sai an karya ni. Wannan 'yar ƙanwar miji ce, wancan maƙwabciya ce da ta yi mini zaman jego, waccan marainiya ce sai yanzu aka samu aka yi mata turmi ɗaya. Wa za ka kora? Bana kaya ɗari da talatin da wani abu muka fitar, ni da yara huɗu da kekuna uku. Bayan asuba nakan karanta izu biyuna, don in samu sauka kafin wata ya ƙare, sannan in yi yanka da sauran sanyin safiya kafin rana ta buɗe. Azumin bana kuwa ka san irin zafin da ya zo da shi. Da la'asar a tashi a shiga kicin, kunu da ƙosai da abin da ya sawwaƙa. A sha ruwa, a yi asham, a dawo kan keke har ɗaya ko biyun dare. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, mu kuma ranar Idi ce ɗiyarmu.

To a ina karatu yake shiga? A inda wuta ta fita. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 na daina tada janareta sai in ya zama dole, don in na biye masa kuɗin ɗinkin duka a tankinsa zai ƙare. Keke mai ƙafa ba ruwansa da lantarki, amma ido yana da ruwa da shi. Ba wadda za ta bi layi a kan baƙar shadda da hasken fitilar caji ta fita lafiya. Saboda haka da an ɗauke, sai mu koma aikin hannu: sa maɓalli, kalmasa, tsinke zaren da ya yi saura, manna dutse a wuyan riga. A zuba gawayi a dutsen guga, a ajiye a bakin ƙofa ana fifita. Kafin ya kama yakan ɗauki kamar minti goma sha biyar. Wannan minti goma sha biyar ɗin shi ne makarantarmu.

Yarinyar da ke mana karatun ba ta iya yanka ba tukuna, hannunta rawa yake yi a kan almakashi, amma Allah ya ba ta murya. In ta zo maganar uwar miji sai ta shaƙe maƙogwaro, in ta zo ta saurayi sai ta ja kalma kamar mai tallan turare. Akwai daren da muka kai inda aka kawo wa budurwa toshin Sallah, akwati guda, alhali mahaifinta ya riga ya yi wa wani alkawarinta. Nan shago ya rabu biyu. Babbar cikinsu, wadda aka sa wa rana bayan Sallah, ta ce yarinyar sakarya ce, ta mayar da akwatin tun kafin magana ta yi nisa. Ta kusa da ita ta ce ai ba a mayar da alheri a watan azumi. Suna ta musu, hannuwa kuwa ba su tsaya ba, kafin a kawo wuta mun gama maɓallan riguna tara. Da a ce shiru muka yi a cikin duhun nan, wallahi gyangyaɗi za mu yi. Na gwada na gani.

Ba zan ɓoye maka ba, na taɓa biyan kuɗin wannan ɗabi'a. Shekarun baya, lokacin ni kaɗai ce a shago, na ɗora dutsen guga a kan farar shaddar wani bawan Allah, hannu ɗaya a dutse ɗaya a littafi. Ban farga ba sai da na ji ƙauri. Yadi biyar na saya daga aljihuna, na kwana ina sake ɗinki, ban kuma taɓa gaya masa dalili ba. Tun ranar na kafa doka: mai guga kunne kawai take bayarwa. Doka ta biyu, babi ɗaya ne, ko an tsaya a inda rai ke so. Ta uku kuma ba ni na kafa ta ba, watan ne ya kafa: da an shiga goman ƙarshe muke rufe labari gaba ɗaya. Waɗannan darare ba na soyayyar littafi ba ne. Mai zuwa tahajjud ta tafi, wadda ta tsaya kan keke ta kunna karatun Alƙur'ani. Sai daren Sallah, in mai kayan ƙarshe ta karɓa ta tafi, na share ƙyallaye na rufe kekuna, sannan nake zama a kan tabarma, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura, in buɗe inda muka tsaya. Na sha cin naman Sallah da tuwonta, amma daɗin wannan rabin awar daban yake.

Wani zai ce, to in karatun ne me ya sa ba za a karanta abu mai nauyi ba? Ina da su. Akwai littattafan tarihi da na addini a kan durowata, kuma ina buɗe su in kasuwa ta lafa, wajen Muharram da Safar. Amma ƙwaƙwalwar da ta wuni tana lissafin awon ƙugu da tsawon hannu ba ta ɗaukar tarihin sarakunan Haɓe da ƙarfe ɗayan dare. Labarin soyayya ba ya neman komai a wurinka. Ka san daga ƙarshe za a daidaita ko a rabu, abin da ke jan ka shi ne ta yaya. Shi ne yake riƙe maka igiyar karatun har lokacin da za ka samu sukunin ɗaukar mai nauyin.

Na san abin da nake faɗa, domin na taɓa sakin igiyar. Na fara karatun labari ne da littattafan Mills & Boon da yayata take dawowa da su daga makarantar kwana, bangonsu duk ya yage saboda yawan hannu. Turancin yana ba ni wuya, rabi in gane rabi in ƙirƙira. Sai ga namu na Hausa sun cika gari a shekarun 1990. Akwai mai shago a layinmu da ke ba da haya, ka kai naira biyar ka ɗauki na ɗaya, ka kwana ka mayar ka ɗauki na biyu, in wata ta riga ka sai ka yi ta sintiri. A cikin littafin lissafi nake ɓoye su. Da aka yi mini aure, haihuwa ta zo a jere, ga koyon sana'a, sai na ce bari in ajiye har in samu lokaci. Malam Edita, shekara shida lokacin nan bai zo ba. Ranar da na sake ɗaukar littafi sai na ji idona yana tuntuɓe a kan layi, in karanta shafi in manta farkonsa. Keken da aka jingine shekara shida haka yake yi, sai an sha fama da mai da tsumma kafin ya juya. Daga nan na ce ko shafi biyu ne ba zan sake kwana ban karanta ba, kuma a lokacin da aiki ya fi yawa ne na fi tsare wannan, don a nan ne ake yin sakacin.

Na san irin kallon da aka daɗe ana yi wa littattafan nan. Malam Ibrahim Malumfashi ne ya raɗa musu Adabin Kasuwar Kano, ba kuma da yabo ba, su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu, aka yi ta gwabzawa a shafukan jaridu. A 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai da ɗab'i a Kano, a 2007 kuma har ƙona wasu littattafan aka yi a wata makarantar 'yan mata a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnati, A Daidaita Sahu. Ba na cewa masu sukar ba su da gaskiya ko kaɗan. Suna da ita, yanzu ma fiye da da. Abin da ake turawa ta WhatsApp a yau, wani ko matar aure ta karanta sai ta ji kunyar kanta, kuma ba hukumar da ke ganin sa balle ta tace. Ni tawa hukumar ita ce shagon nan. Duk labarin da ba za a iya karanta shi da ƙarfi a gabana da 'ya'yan mutane huɗu da aka ba ni amana ba, ba namu ba ne. Sau biyu bana mai karatunmu ta yi turus a tsakiyar layi ta dube ni, na ce goge shi, nemo wani.

Amma kada a manta da ɗaya gefen. Abokiyar zaman mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa shiga aji ba sai da ta haifi biyar. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci irin wanda aka buɗe tun zamanin gwamnatin Abubakar Rimi, kuma da bakinta ta gaya mini dalili: ta gaji da roƙon mu karanta mata, muna kai wa wurin daɗi mu ce barci muke ji. Da littafin soyayya ta ƙware a boko, da wannan bokon kuma ta riƙa karanta takardar asibiti da sakamakon jarrabawar 'ya'yanta. Irinta suna da yawa a cikin gidajen Kano, ba wanda ya ƙirga su.

Yanzu ga ainihin kukana, kuma da marubuta nake. 'Yata da ke jami'a ce ta ba ni labarin yadda Turawa suke yi da bikinsu na Kirsimeti. Tun ana saura wata biyu kamfanonin littattafai suke fito da labaran soyayya na musamman don lokacin, komai na cikinsu na bikin ne: sanyi da ƙanƙara, mai aiki a birni ta koma garinsu hutu, cin abincin dangi, kyaututtuka. Gajeru ne, an san masu karatun suna cikin hidima. Ta ce akwai ma wata ƙasa can arewacin Turai, Aisland, wadda mutanenta duka ba su kai na ƙaramar hukumar Dala ba, inda tun lokacin yaƙin duniya na biyu littafi ya zama babbar kyautar daren bikin, don a lokacin kayan waje sun yi wuya amma takarda tana samuwa. Har yau yawancin sababbin littattafansu gab da bikin suke fitowa. Ba cewa nake mu kwaikwayi bikin kowa ba. Tambayata ita ce, mu da muke da Sallah biyu a shekara, ina namu?

Na karanta littattafan Hausa da ban san adadinsu ba, amma Sallah a cikinsu layi ɗaya ce: "Bayan Sallah da sati biyu aka ɗaura aure." Shi ke nan. Sai a koma gidan bene da motoci bakwai da tafiya Dubai. Haba jama'a! Wane lokaci ne ya kai Sallah tara abin da ake gina labarin soyayya da shi? Saurayin da ya yi wata uku yana tara kuɗin toshi, ranar da zai kai ya tarar wani ya riga shi da wanda ya fi nasa. Amaryar da za ta yi Sallar farko a gidan miji, ta tashi tun asuba ta tuƙa tuwon da za a kai wa surukai, tana kuka a ɓoye don ta tuna gidansu. Magidancin da ya kwana a motar dare daga Legas, da atamfa biyu iri ɗaya a jaka don kada a ce ya fifita wata, ya iso ya tarar launin ma ya zama abin magana. Wanda ya hango wata a cikin cincirindon Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ƙurar dawaki ta tashi, kafin ta lafa ta ɓace masa, ba suna ba unguwa, sai launin mayafi. Matar da mijinta ya rasu, wannan ce Sallar farko da ba wanda zai ce mata kwalliya ta yi kyau. Tsofaffin da suka shekara arba'in tare, har yau shi ke riƙe mata tabarma zuwa filin Idi. Ƙamshin dubulan da cincin, lalle a ƙafa an ɗaure da leda, yara da sababbin takalma suna yawon barka da Sallah. Duk wannan yana nan a ƙofar gidan kowane marubuci, kyauta.

Kuma ko sau ɗaya a sa tela a ciki mana. Ba wanda ya san sirrin gari a watan nan kamar mu. Mun san wanda ya biya wa wa ɗinki a ɓoye. Mun san yarinyar da ta ce a ɗinka mata kala ɗaya da hular wani. Akwai wanda ya zo bana ya biya kuɗin ɗinkin matar da ya saka wata biyar da suka wuce, ya ce kada in faɗa mata, in ce wata baiwar Allah ce. Ban faɗa ba. Da ta zo karɓa ta juya rigar ta dubi irin aikin da aka zaɓa a wuya, ta yi shiru, ta ce, "Na san mai wannan zaɓin." Abin da ya biyo baya ba nawa ba ne in faɗa a jarida, amma in marubuci ya rasa abin yi da wannan, to ya canja sana'a.

Sai maganar tsawo. Labarin waya yanzu sai ya kai babi ɗari da hamsin, a ja shi kamar ƙosan rogo a bakin mara haƙori, kullum a ce a biya kafin a ga ci gaba. Ban ƙi marubuciya ta ci guminta ba, ni ma da gumina nake ci, kuma takarda ta yi tsadar da buga littafi ya gagari da yawansu. Amma mai hidimar Sallah ba ta da wata uku. Tana son abin da za ta fara ta gama kafin gawayi ya mutu, ko a cikin adaidaita sahu tsakanin Kwari da gida, ko tana jiran lalle ya kama. Ba kuma cewa ba a iya ba ne. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna matanmu sun iya ƙulla labari su kwance shi a shafi kaɗan, har ya tsaya wa mutum a zuciya.

Shi ya sa na kawo kukan gare ka maimakon in tsaya ina yi a shago. Rubutun ƙagaggun littattafan labari na Hausa da gasa ya fara, wadda aka shirya a Zariya a 1933, kuma ɗaya daga waɗanda suka yi fice a cikinta, Abubakar Imam, shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ke nan tun asali jarida da labari 'yan ɗaki ɗaya ne. Me zai hana ku ware shafi guda, makonni huɗu kafin kowace Sallah da mako biyu bayanta, ku riƙa buga gajeren labarin soyayya na Sallah, mai tsafta, wanda zai ƙare a fitowa ɗaya? Ku yi shela marubuta su aiko, ku zaɓa, ku ɗan ba su na goro. Na azumi a bar shi ya zama na zumunci da tausayi, na bayan Idi a saki soyayyar. Ku sa shi a shafinku na intanet ma yadda zai buɗu ba tare da ya cinye mana data ba, don yawancinmu a waya za mu gani.

Tsakanin ƙaramar Sallah da babba wata biyu ne da kwana goma, kuma tun jiya an fara kawo mini shaddar layya, ga ankon bukukuwan Shawwal a kai. Labarin da muka faro a azumi saura mana babi uku, yaran sun ce kada a taɓa sai amaryarmu ta zo sallama ranar Asabar, don ita ce ta ce a mayar da akwatin, suna so a ƙare a gabanta. Daga nan ba mu da na gaba. In kun buɗe shafin, a sanar da wuri.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Taku,
Mai ɗinki daga Fagge, Kano